Mashayi a Cikin Gida: Mai Laifi Ne Ko Majinyaci?



Wata rana an tashi daga ajin matan aure ina tattara littattafaina, sai na lura wata ɗalibata ta ƙi fita. Dattijuwa ce, ta kusa haifata. Sai da ajin ya watse sannan ta matso ta ce, "Malama, tambaya gare ni, amma ba ta tsarki ko sallah ba ce." Na ce, "Bismillah Hajiya, ina jin ki."

Ɗanta ne na fari. Shekaru ke nan yana shan giya, tun yana ɓoyewa har ta kai kullum sai ya sha. Da abin ya ishi mahaifinsa, sai ya kulle shi a ɗakin zaure, ya ce ba zai fito ba sai ta sake shi. Kwana ɗaya yaron ya fara rawar jiki da gumi da amai. A dare na uku ya riƙa ihu yana cewa ga ƙwari nan suna bin bango, can kuma ya faɗi yana shure-shure. Suka ce aljanu ne, aka fara neman mai ruƙiyya. Allah Ya sa maƙwabciyarsu ma'aikaciyar jinya ce, ita ta ce a ɗauke shi zuwa asibiti a daren. Ya rayu. To ga tambayarta: "Likita ya ce ciwo ne. Babansa ya ce iskanci ne kawai. Ni wanne zan ɗauka? In ciwo ne, ashe ba shi da zunubi ke nan?"

Ban ba ta amsa a ranar ba, don ni ma tambayar ta tsaya mini. Mu da muka taso a makarantar Islamiyya mun san hukuncin giya tun muna yara: haramun ce, babu saɓani, kuma akwai haddi a kan mai shanta. Shi ya sa da yawanmu idan muka ji an ce wai shaye-shaye cuta ce, sai gabanmu ya faɗi, mu ga kamar ana so a wanke mai laifi ne da sabulun likita. Ni kaina haka na ɗauka da farko.

Amma bari mu fara da abin da ya faru a ɗakin zauren nan, don ba aljanu ba ne. Giya tana danne aikin ƙwaƙwalwa. Idan mutum ya daɗe yana sha kullum, ƙwaƙwalwar takan ƙara ƙaimi don ta yi daidai da wannan danniya, kamar dokin da aka ja wa linzami shi kuma yana ta turjewa gaba. Ranar da aka yanke giyar lokaci guda, linzamin ne ya tsinke. Cikin awa 6 zuwa 24 sai rawar hannu da gumi da rashin barci su fara. Cikin kwana biyun farko wasu kan yi farfaɗiya. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu kuma wasu kan shiga mummunan ruɗewa, da zazzaɓi da gane-gane da bugun zuciya, kuma wannan yana kisa idan ba a kula ba. Ba kowane mashayi ne yake kai wa nan ba, amma wanda ya daɗe yana sha da yawa kullum yana cikin hatsari. Saboda haka uban da ya kulle ɗansa da kyakkyawar niyya, saura ƙiris ya yi jana'izarsa.

A asibiti abin da ake yi shi ne yaye jiki daga giyar a hankali. Ba giya ake ba shi ba, kada a yi mini mummunar fahimta. Ana ba shi maganin kwantar da jijiyoyi irin su diazepam, ana rage shi kaɗan-kaɗan, ana sa masa ruwa, ana yi masa allurar bitamin B1 saboda giya tana ƙarar da shi a jiki, rashinsa kuma yana lalata ƙwaƙwalwa. Galibi wannan mataki bai wuce mako guda ko ɗoriya kaɗan ba. (Kuma don Allah kada wata ta karanta sunan maganin nan ta aika kemis. Shi ma yana kama mutum, aikin likita ne.)

To mu koma ga tambayar Hajiya. Abin da na fahimta shi ne, mun ɗauka dole sai ɗaya ya yi gaskiya tsakanin likita da uban yaro, alhali kowannensu rabin maganar ya riƙe. Kofin farko zaɓi ne, babu wanda ya ɗura masa, kuma wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Amma wanda ya yi wasa a bakin rijiya ya faɗa ya karye, laifinsa bai hana ƙashin karyewa da gaske ba, kuma faɗa ba ya ɗora karaya. Bayan shekaru, mutumin nan yana iya yin nadama ta gaskiya da asuba, ya yi kuka, ya rantse, la'asar na yi jikinsa ya fara rawa. Ce masa majinyaci ba ta sauke masa nauyi ba, canja masa nauyin ta yi: yanzu wajibinsa shi ne ya yarda a yi masa magani, ya kuma guje wa duk abin da zai mayar da shi. Idan ya ƙi wannan yana cikin hayyacinsa, nan ma ya yi laifi.

Da na koma ga littattafanmu, sai na ga ashe addinin ya riga mu sanin halin ɗan Adam. Ba rana ɗaya aka haramta giya ba. A Suratul Baƙara aya ta 219 an nuna cewa zunubinta ya fi amfaninta, a Suratun Nisa'i aya ta 43 aka hana kusantar sallah cikin maye, sai a Suratul Ma'ida aya ta 90 aka rufe ƙofar baki ɗaya, sahabbai suka tuntsurar da tulunansu a titunan Madina. Nana A'isha (RA) ta bayyana cewa da hani ne ya fara sauka kafin imani ya zauna a zukata, da mutane sun ce ba za su bari ba. Hukunci kam ya cika, ba wanda zai fake da wannan ya ce shi ma a hankali zai daina yana ci gaba da sha. Amma darasin tarbiyyar yana nan.

Akwai kuma sahabin nan Abdullahi da ake yi wa laƙabi da Himar, wanda yakan ba Manzon Allah (SAW) dariya. An sha kawo shi saboda giya ana yi masa bulala. Wata rana wani ya gaji ya tsine masa, yana mamakin yawan kawo shi da ake yi. Manzon Allah (SAW) ya hana tsinuwar, ya kuma yi masa shaidar cewa yana son Allah da Manzonsa. Hadisin yana cikin Bukhari. Ki duba fa, 'yar uwa: ba a ɗauke masa hukunci ba, ba a kuma kore shi daga cikin jama'a ba. Mu kuwa yau tsinuwar muke fara yi.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da muke kira rufin asiri. Uwa ta gwammace a ce ɗanta yana da iska da a gan ta a layin asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato, saboda ƙannensa mata suna jiran masu neman aure. Na fahimci wannan tsoro, ni ma mace ce. Amma shi ne ya sa iyaye suka riƙa kai 'ya'yansu gidajen mari a ɓoye. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka, kuma akasari danginsu ne suka kai su don a gyara musu hali. Rufin asirin da shari'a ta yaba shi ne kada ki tallata aibin ɗan uwanki a gidan biki. Faɗa wa likita ba tallatawa ba ce.

Yaye jiki kuwa shi ne mai sauƙin. Na ji masu aikin suna cewa fitar da giya daga jini mako guda ne, fitar da ita daga rai shi ne aikin. Nan ne gyaran hali yake shigowa, na makonni ko watanni: zama da masu ba da shawara don a gano abin da yake tura shi, ko damuwa ce, ko zaman banza, ko abokai, magunguna irin su naltrexone masu rage ƙwaɗayinta, da zama da waɗanda suka daina. Ƙungiyar Alcoholics Anonymous da wasu mashaya biyu suka kafa a Amurka a 1935 a kan wannan ta ginu, cewa wanda ya sha wuyar abu shi ya fi iya riƙe hannun ɗan uwansa. Masu bincike a can sun ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na masu jinyar shaye-shaye sukan koma aƙalla sau ɗaya. Wanda hawan jininsa ya sake tashi ba ma cewa magani ya yi ƙarya, asibiti muke mayar da shi.

Sai dai kada a juya maganata. Matar da mijinta yake dawowa a buge yana dukanta ko yana cinye abincin 'ya'yanta, ba a ce ta zauna ta mutu da sunan jinya ba. Ta kai ƙara wurin magabatanta, ta tsare kanta da yaranta. Tausayi daban, miƙa wuya ga cuta daban.

Da muka sake haɗuwa na faɗa wa Hajiya iyakar abin da na fahimta. Yaron ya yi makonni a asibiti ya fito, ya yi wata biyar lafiya, sai ya koma a wani bikin abokinsa. A wannan karon shi da kansa ya zo ya durƙusa ya ce, "Umma, ki mayar da ni." Yanzu yana koyon gyaran waya a wurin kawunsa, ita ce kuma take raka shi ganin likita duk wata. Mahaifinsa har yau bai yarda sun ci abinci kwano ɗaya ba, amma ta ce ran Juma'ar da ta wuce shi ya ƙwanƙwasa masa ƙofa suka tafi masallaci tare.