Kundin Ayyukan Injiniyan Manhaja: Ina Iyakar Nuna Gwaninta da Riya?

Kundin ayyuka shafi ne da injiniyan manhaja yake tara abubuwan da ya gina: manhajojin waya da ya ɗora a Google Play ko App Store, ƙananan ayyukan da ya yi don kansa da daddare, da rubutun da aka gina su da shi, wanda galibi ake ajiyewa a GitHub. A wannan sana'a mai ɗaukar aiki yakan duba kundin kafin ya tambayi takardar makaranta. Shi ya sa Musulmin da ya taso da jin cewa yabon kai jahilci ne yakan shiga tsaka mai wuya: sana'arsa tana neman ya tallata kansa, tarbiyyarsa tana neman ya yi kawaici.

Nassoshin da suka shafi batun suna fuskantar ɓangarori biyu. Aya ta 32 a Suratun Najm ta hana mutum tsarkake kansa. Amma a Suratu Yusuf, aya ta 55, Annabi Yusuf (AS) ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi kan taskokin ƙasa, ya kuma siffanta kansa da iya tsaro da sani. Imam Ƙurɗubi, wanda ya rasu a 1273, ya fahimci cewa ya halatta mutum ya faɗi ilimi da falalar da yake da su idan buƙata ta kama, musamman a inda ba a san shi ba. Injiniyan da ke Kano yana neman aiki a wani kamfanin Jamus yana cikin irin wannan hali. Babu wanda zai shede shi a can sai aikinsa.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya warware wani ƙullin a Ihya'u Ulumid Din. A wurinsa riya ita ce neman matsayi a zukatan mutane, kuma ya raba ta gida biyu. Wadda ake yi da ibada haramun ce. Wadda ake yi da abin da ba ibada ba hukuncinta kamar na neman dukiya ne: ba ta haramta a kanta ba sai in yaudara ta shigo. A wannan ma'auni, kundin ayyuka bai bambanta da rigunan da tela yake ratayewa a ƙofar shagonsa ba.

Inda laifin yake a zahiri shi ne yaudarar, kuma hanyoyinta a wannan sana'a suna da sauƙi ƙwarai. Wani zai bi darasin bidiyo layi bayan layi, ya canja launi da suna, ya rubuta cewa shi ya ƙirƙira. Wani ya yi aiki cikin mutum goma, shi ya gyara shafin shiga kawai, amma a kundinsa manhajar gaba ɗaya tasa ce. GitHub yana nuna ranakun da mutum ya yi aiki da ƙananan murabba'ai masu launin kore, kuma akwai dabarun cika su ba tare da an rubuta wani abin kirki ba. Hadisin Asma'u bint Abubakar da Buhari da Muslim suka ruwaito ya yi kakkausan zargi ga mai nuna yana da abin da ba a ba shi ba. Na Abu Huraira a Sahihu Muslim, kan mai sayar da hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama, ya fi kusa da lamarin: hotunan manhaja masu sheƙi a sama, manhajar da ke tsayawa cak bayan taɓawa uku a ƙasa. Akwai kuma amana. Abin da injiniya ya rubuta wa kamfani bisa yarjejeniyar sirri ba nasa ba ne balle ya baje shi, ko da shi ne aikin da ya fi alfahari da shi.

Matsalar ta fi ɗaurewa idan manhajar ta addini ce, kamar ta karatun Alƙur'ani, lokutan salla ko lissafin gado. Wanda ya gina ta kyauta da niyyar sadaka mai gudana, sannan ya sa ta a sahun farko na kundinsa don a ɗauke shi aiki, ya haɗa niyya biyu a abu ɗaya. Malamai sun yi saɓani kan ladan aikin da niyyar duniya ta cakuɗa da shi. Gazali ya tafi a kan cewa ana duba wadda ta rinjaya. Ɓoye manhajar ba mafita ba ce, domin amfaninta yana cikin a san da ita.

Kundin kuma ba ya nuna komai. A Nuwamban 2020 rahoton sashen Motherboard na mujallar Vice ya ce manhajar Muslim Pro tana tura bayanan wurin da masu amfani da ita suke ga kamfanin X-Mode, wanda cikin abokan cinikinsa akwai 'yan kwangilar sojan Amurka. Masu manhajar sun musanta sayar wa soja bayanai, suka kuma yanke hulɗa da kamfanin. Irin wannan ba ya fitowa a hoton talla. Aya ta 26 a Suratul Ƙasas ta ambaci sifofi biyu na wanda ya fi dacewa a ɗauka aiki, ƙarfi da amana. Kundin ayyuka yana iya tabbatar da ta farko. Ta biyun sai an bincika abin da manhajar take yi da bayanan mutane, da kuma ko injiniyan ya faɗi sunayen waɗanda suka yi aikin tare da shi.