Littafin da Aka Biya Kuɗinsa Sau Ɗaya

Fiziks nake koyarwa a jami'a, 'yan aji ɗaya, kuma akwai wata tambaya da ba ta cikin manhaja amma takan same ni har ofis: "Malam, littafin nan da muke tura wa juna a WhatsApp, halal ne?" Abin da mai tambaya ke nufi shi ne wani babban littafi na ƙasar waje da wani ya ɗauki hotonsa shafi-shafi ya zuba a intanet ba da izinin masu shi ba. Na asalin, ko an same shi a kanti, kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihun uban yaron. Masu wannan tambaya ba 'yan neman gardama ba ne. Yara ne da aka tarbiyyantar a kan abu biyu, kuma duka biyun gaskiya ne: dukiyar mutum ba ta halatta gare ka sai da yardarsa, sannan wanda aka tambaya ilimi ya ɓoye yana da alkawarin azaba mai tsanani, kamar yadda ya zo a hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Sai ga shi a hannunsu abu biyun sun yi karo.

Kakana marubuci ne a birnin Zariya, irin marubutan da, masu alƙalamin kara da tawada. Risala yake kwafa, da Iziyya, da Ahalari, mai buƙata ya kawo takarda ya biya ladan rubutu, in an gama ya naɗe a gafaka ya tafi. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, ya rasu a shekarar 996, kuma a cikin shekaru kusan dubu da littafinsa ya yi yana yawo daga hannu zuwa hannu har ya iso ƙasar Hausa, babu marubucin da ya tafi neman izinin magadansa. Amma akwai abu biyu da kakana ba zai taɓa yi ba ko da za a cika masa ɗaki da kuɗi. Ba zai cire sunan mawallafi ya sa nasa ba, ba kuma zai canza kalma ɗaya ya bar mai karatu yana zaton ta mawallafin ce. In yana da abin faɗi, a gefe yake rubutawa da ƙananan baƙi. A ƙarshen littafi sai ya ambaci sunansa a matsayin wanda ya kwafa, ya roƙi duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a shi da iyayensa. Wannan ita ce dokar haƙƙin mallakarsu gaba ɗaya: kwafa ta kowa ce, suna na mai shi ne, nassi kuma amana.

Da a ce nan maganar ta tsaya, sai in ce wa yaran su ci gaba da turawa. Ban iya cewa haka ba. Mawallafin zamanin da yana da gona ko kasuwanci ko sarkin da ke ɗauke masa nauyi, ko almajiran da ke yi masa hidima. Wanda ya zauna yau ya rubuta littafin fiziks mai shafi dubu ya bar wasu ayyukan ne na shekaru, kuma a bayansa akwai mai zane, da mai gyara, da wanda ya warware kowace tambayar lissafi don a tabbatar amsar daidai ce. Waɗannan duka suna da iyali. A watan Disamba na 1988, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ke karewa, ba ya halatta a keta shi. Akwai malaman da suka saɓa, amma ni na gamsu da wannan fatawa. Saboda haka abin da nake gaya wa yaro shi ne: buƙatarka gaskiya ce, Allah Ya san ta, amma ba zan ce maka mai littafin ba shi da haƙƙi ba, zo in nuna maka wani da masu shi suka ce a ɗauka.

Kafin in kai ga wancan littafin, akwai wani tsohon saɓani da ya taimaka mini. Malaman farko na mazhabar Abu Hanifa sun hana karɓar lada a kan koyar da Alƙur'ani, Malik da Shafi'i suka halatta. Daga baya Hanafawa ma suka halatta, domin abin da malamai ke samu daga baitulmali ya yanke, kuma aka ji tsoron in ba a biya su ba za su tafi neman abinci karatu ya ɓace. Yadda na fahimci wannan, ko waɗanda suka halatta ba cewa suka yi ilimin ya zama haja ba. Lokacin malami ake biya, da wahalarsa, da sana'ar da ya bari ya zauna da yara. To in haka ne, tambayar ta canza. Ba wai a biya ko kada a biya ba, a'a, sau nawa za a biya wahala ɗaya? Dokar farko ta haƙƙin wallafa a Ingila, ta 1710, shekara 14 ta ba sabon littafi, ana iya ƙara wasu 14 in marubucin na raye. Yau a Najeriya, kamar ƙasashe da yawa, haƙƙin yana nan har shekara 70 bayan mutuwar marubuci. Ga labari ko waƙa, wannan ba ya damuna sosai. Amma abin da ke cikin littafin aji ɗaya ba mawallafin ne ya gano shi ba. Dokokin motsi na Newton tun 1687 suke. Yadda haske ke shiga ido, Ibn al-Haisam ya yi bayaninsa a Alƙahira shekaru dubu da suka wuce. Mawallafi ya tsara ne, ya sauƙaƙa, kuma ya cancanci a biya shi da kyau a kan haka. Abin da zuciyata ta kasa karɓa shi ne a ce kowane yaro da zai zo, shekara bayan shekara, sai ya sake biya kafin ya ga gadon da na 'yan Adam ne duka.

A 2001 jami'ar MIT ta Amurka ta sanar cewa za ta zuba kayan darussanta a intanet kyauta, ta kuma cika alkawari. A jami'ar Rice da ke Texas, wani malamin injiniya, Richard Baraniuk, ya fara wani shiri a 1999 wanda a 2012 ya haifi OpenStax, masu fitar da cikakkun littattafan jami'a na fiziks da kemistri da bayoloji da tattalin arziki da sauransu. Yadda suke yi shi ne abin lura. Gidauniyoyi irin su Hewlett da Gates suna ba da kuɗi, a ɗauki malamai su rubuta a biya su, a ba wasu malaman su duba, sannan a saki littafin da lasisin Creative Commons. Lasisin yana cewa: ka kwafa, ka raba, ka gyara, amma ka ambaci masu shi, kuma ka bayyana in ka canza wani abu. Wasu nau'o'insa sun ƙara da hana kasuwanci da shi. Ranar da na fara karanta sharuɗɗan nan, dokar kakana na gani an rubuta da harshen lauyoyi. A nan gida ma, Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, NOUN, ta daɗe tana saka littattafan darussanta a shafinta kowa ya sauke, kuma na san ɗalibai da yawa na wasu jami'o'i da ke rayuwa a kansu.

Muna da suna ga irin wannan aiki tun kafin a yi intanet. A Madina akwai rijiyar Ruma, mai ita yana sayar da ruwanta, mutane kuma suna cikin ƙunci. Sayyidina Usman bin Affan bai ce a je a ƙwace ba, bai kuma tsaya yi wa mai rijiya wa'azin rowa ba. Saye ya yi da dukiyarsa, ya bar wa jama'a, gugansa kamar na kowa. Mai rijiya ya sami haƙƙinsa, mai ƙishi ya sha. Wannan shi ne waƙafi, ko hubusi kamar yadda ake cewa a Kano, kuma a mazhabar Malik da muke bi ya halatta a yi shi da abin da ake iya ɗauka, har da littattafai. Littafin jami'a na kyauta waƙafi ne: wani ya biya wahalar sau ɗaya, ya buɗe. Har ma ya fi ruwa ta wani gefen, domin dubu goma su sauke shi a rana ɗaya ba ya ragewa.

Wasu abokan aikina suna cewa abin kyauta ba ya daraja a idon ɗalibi. Ban ga haka a ajina ba. Wanda zai karanta yana karantawa, wanda ba zai karanta ba ko ya saya da tsada matashin kai zai yi da shi. Wasu kuma damuwarsu ta fi gaskiya: albashi ba ya kai wata, 'yar takardar darasi da suke bugawa su sayar ita ke cike giɓi. Ba na raina wannan damuwa, domin cikinta nake. Malami ya rubuta littafi mai kyau ya sayar ga mai so, babu laifi. Inda aka ɗaura saye da maki, aka rubuta sunan wanda ya saya da wanda bai saya ba, nan an bar ciniki an shiga zalunci, kuma malami ne ya kamata ya fi kowa jin tsoron wannan.

Sai dai kyauta kaɗai ba ta buɗe littafi. Littafin fiziks na Amurka cike yake da misalan mota a kan ƙanƙara da wasannin da yaron Funtuwa ko Azare bai taɓa gani ba, kuma da Turancin da ya fi ƙarfin wanda ya fito daga sakandaren gwamnati. A nan izinin gyara ya fi izinin saukewa muhimmanci a wurina. Nakan ɗauki babi in maye misalan da jan guga, da kwanar babur a kan yashi, da yadda randa ke sanyaya ruwa, in rubuta a sama cewa asalin na wane ne, gyaran nawa ne, don kada a jingina musu abin da ba su faɗa ba. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ba ta tsaya ga cewa littattafan Larabci suna nan ga mai so ba. Ta mayar da ilimin zuwa waƙa da Fulatanci da Hausa, ta naɗa jagororin da ake kira jaji su kai wa matan ƙauye ta hanyar 'Yan Taru. Ta gane cewa ilimin da ke cikin harshen da mutum ba ya ji, a wurinsa ɓoyayye ne ko da ba wanda ya kulle shi.

Shi ya sa nake jin nauyin abin a kanmu, ba a kan Turawa ba. Masu hannu da shuni a garuruwanmu suna gina masallatai da rijiyoyin burtsatse, Allah Ya saka musu. Ina so in ga attajiri ɗaya ya tara malaman kemistri biyar, ya ɗauke musu nauyin shekara biyu, su rubuta littafin aji ɗaya da misalan ƙasar nan, da bayani na Hausa a gefen wurare masu wuya, ya sake shi sadaka mai gudana ga mahaifiyarsa. Jihohi kamar Kano da Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da waƙafi da za su iya riƙe amanar. Asusun TETFund yana tallafa wa malamai su wallafa littattafai; duk littafin da aka rubuta da kuɗin jama'a ya kamata jama'a su same shi a buɗe, kuma shawarar da ƙasashen UNESCO suka amince da ita a 2019 ta ƙarfafa hakan. Takardar irin wannan waƙafi za ta buƙaci sharuɗɗa na musamman: a naɗa mai kula da zai sa a sabunta littafin duk bayan 'yan shekaru, a ware wani kaso don buga kwafi na takarda a ajiye a ɗakin karatu saboda yaran da ba su da kuɗin data ko wutar caji, sannan a rubuta sunayen malaman da suka yi aikin a shafin farko yadda ba wanda zai iya cirewa.