Aikin da bai ƙare ba: a nuna shi ko a ɓoye?

Mu Hausawa mutane ne masu ɓoye abin da bai nuna ba. Mace tana da ciki, ba a faɗa sai ya fito da kansa. Mutum zai yi tafiya, sai dai ka ji ya sauka Kano. Neman aure ma haka, sai magana ta kankama maƙwabta ke ji. Dalilin kowa ya san shi: tsoron baki, da tsoron ka cika baki abu ya zo bai yiwu ba. Amma mu ɗin dai 'yan kasuwa ne. Fataucin goro da shanu ne ya kawo kakanninmu Ibadan har aka yanka musu wannan fili na Sabo a 1916, ita kuwa kasuwa dokarta akasin haka ce: buɗe kayanka a gani. To idan al'ada ta ce rufe, kasuwa ta ce buɗe, a kan abu ɗaya, wa za a bi?

Abin da ya ta da maganar wani matashi ne a unguwar nan. Da rana gyaran waya yake yi, da yamma ya ɗauki buroshi yana zane da fentin mai a kan yadi mai kauri. Bai je makarantar zane ba, da kansa ya koya. Yana zana rufin kwanon Ibadan masu tsatsa kamar yadda ake hango su daga tudun Mapo, da motar goro ana sauke huhu, da masallaci gab da magariba. Abin da ya jawo surutu shi ne ba ya jira ya gama. Yau ya jingine yadin a bakin shago da layukan gawayi kawai, mako mai zuwa ka ga ya shafa launin ƙasa, bayan nan sararin sama ya fito, kuma kowane mataki sai ya ɗauka a waya ya tura wa mutane. In ya gama ya sa kuɗi. Wasu sun ce riya ce. Wasu sun ce kuɗin da yake sawa zalunci ne. Wasu kuma suka ce sana'ar kanta haramun ce, a rufe babin.

Wannan na ƙarshen ba zan daɗe a kansa ba. Zanen abin da ba shi da rai, kamar itace da gini da dutse, babu laifi a cikinsa; Abdullahi ɗan Abbas da kansa ya ba wani mai sana'ar zane shawarar ya koma irin wannan. A kan mai rai ne malamai suka yi magana, kuma malamanmu na Malikiyya sun bambanta tsakanin mutum-mutumi cikakke mai inuwa, wanda suka haramta, da zanen da ke shimfiɗe a kan yadi ko takarda, wanda suka tsaya a kan karhanci. Wasu mazhabobin sun fi tsanantawa, wanda ya bi su don tsantseni ba a zarginsa. Yaron nan dai yawancin aikinsa gine-gine ne da tituna.

Maganar kuɗi ma ba ta da wuya ga wanda ya taɓa sayen babbar riga mai aska takwas. Ka lissafa kuɗin yadi da zare, ka ga nawa ne a cikin abin da ka biya? Sauran ai idon maɗinki ne da bayansa da watannin da ya yi a sunkuye. Ba wanda ya taɓa cewa an zalunce shi don aikin hannu ya fi na keke tsada. Allon zayyana da muke yi wa ɗa in ya sauke, shi ma ba katakon ake biya ba. Zane ba shinkafa ba ne da za a ce an ɓoye don a matsa wa talaka. In ya yi maka tsada ka taya, ya ce albarka, kowa ya kama gabansa. A 2018 an sayar da zanen Tutu, wanda Ben Enwonwu ya yi a 1974, a birnin Landan kan fam miliyan 1 da dubu 200 da ɗoriya. Wannan kuɗin suna ne, ba mu kai can ba. Amma kada a raina mai koyo da kansa: Aina Onabolu na Ijebu-Ode, wanda ake ɗauka uban zanen zamani a ƙasar nan, shi ya koya wa kansa shekara da shekaru kafin ya tafi Ingila karatu a 1920. Inda haram take shiga farashi shi ne a ce "an taya kaza" alhali ba wanda ya taya, ko a turo aboki ya zo yana ƙara kuɗi gaban mai saye ba da niyyar saye ba. Wannan shi ne najashi, kuma a kasuwar canji da ta goro mun san shi sarai.

To mu dawo kan nunawar, don nan ne maganar take.

Duk dillalin goro ya san mai saye ba ya yarda da na sama. Sai an kwance huhu ya zura hannu can ƙasa ya ga ko akwai sankara. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa zura hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Zanen fentin mai shi ma yana da ƙasa, sai dai in an gama babu hannun da zai iya shiga. Shin an shafa wa yadin farin shimfiɗa kafin a fara, ko an ɗora mai kai tsaye, wanda zai ci zaren ya ruɓar da shi bayan shekaru? Shin an fara da fenti mai tsinki aka bi da mai maiƙo a sama, ko an juya? In aka ɗora mai saurin bushewa a kan wanda bai bushe ba, yau kyakkyawa ne, baɗi ko baɗin baɗaɗa ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Mai saye ba zai gane ba ranar ciniki. Mafi muni, yanzu ana buga hoto da inji a kan yadi, a ɗan goga buroshi sau biyar a kai, a sa a firam a ce aikin hannu ne. Kwamfuta ma tana ƙirƙiro hoto cikin minti ɗaya. Wannan algus ne, daidai da zuba ruwa a madara.

Don haka ni a wurina, yaron da ya jingine rabin aikinsa a bakin shago huhu ya kwance. Wanda ya ga gawayin, ya ga shimfiɗar, ya ga an jira mako guda kafin a ƙara, ya san abin da yake saye. Riya kuwa a ibada take: ka yi don Allah a baki, don mutane a zuci. Maƙeri da ke dukan ƙarfe a bakin hanya ba riya yake ba. Abubuwan da al'adarmu ta ce a ɓoye, ka duba, duk abubuwa ne da ba kuɗin wani a cikinsu. Ciki ba na sayarwa ba ne. Abin da za ka karɓi kuɗin ɗan'uwanka a kansa hukuncinsa daban. Kambun baka gaskiya ne, amma maganinsa addu'ar safe da yamma ce, da mai kallo ya koyi cewa Masha Allah.

Sai dai fa nunawar tana da nata ramin, guda biyu ma. Na farko yabo ne a tsakiyar aiki. Wannan ya ce ƙara ja a sama, wancan ya ce sa mutane a titin, wani ya ce haka ma ya yi, bar shi. In ya biye musu, hannun ya zama na taro, kuma abin da zai sayar da sunan aikinsa ba nasa ba ne gaba ɗaya. Ya saurari wanda ya san sana'ar, sauran ya ce na gode.

Na biyu ya fi damuna, shi ne kafin alƙalami. Mutum ya ga rabin zane ya so shi, ya ajiye kuɗi. Aka gama, hasken ya sauya, abin da ya burge shi ya tafi ƙarƙashin wani launi. Yanzu me ya saya? Wannan cinikin biri a sama ne, kuma daga nan rigima ke tashi har a zo zaure neman sulhu. Imamu Malik bai yarda da kuɗin kamun da ke nutsewa in mai saye ya fasa ba, ko da yake Imamu Ahmad ya halatta. Abin da na gaya wa mahaifin yaron da ya tambaye ni shi ne: a nuna, amma kada a ƙulla sai an gama. Wanda ya ƙwallafa rai a yi masa alkawarin shi za a fara yi wa tayi. In ya matsa sai ya ajiye kuɗi, to ajiya ce, in ya gani bai so ba a mayar masa cas. Kuma ranar sallamawa a gaya masa gaskiyar fentin mai: samansa yakan bushe cikin kwanaki ko makonni, amma cikinsa sai a hankali, shi ya sa masu sana'ar ke jiran kamar wata shida kafin su shafa man ƙyalli na ƙarshe. Da damina irin tamu ta Ibadan kada a naɗe shi a leda, kada a jingina wani abu a fuskarsa.

Akwai wuri ɗaya da al'adar ɓoyewa ta fi ƙarfi, ko ni ɗan kasuwa ba na jayayya. In wani ne ya ba da aikin, ya ce a zana masa gidansu na Katsina daga wani tsohon hoto, ko tsakar gidan da ya tashi a ciki, to mai saye ɗaya ne, shi kaɗai ke da haƙƙin zura hannu a huhun. Ya zo ya gani duk lokacin da ya so. Amma bakin shago da wayoyin mutane, sai da izininsa. In bai bayar ba, a juya fuskar yadin ga bango har ya zo ɗauka.