Hasashen Likita Ba Duba Ba Ne

A 1967 wani likitan yara ɗan Japan, Tomisaku Kawasaki, ya bayyana wata cuta da yanzu ake kira da sunansa. Tana kumbura hanyoyin jini, galibi a yara 'yan ƙasa da shekara 5: zazzaɓi ya kai kwana biyar, idanu su yi ja ba kwantsa, leɓe ya tsattsage, hannu da ƙafa su kumbura. Uwa a Jalingo za ta ce ƙyanda ce ko maleriya, kuma ba laifinta ba ne. Haɗarin yana can a jijiyoyin da ke ciyar da zuciya, domin in ba a yi magani ba, kusan yaro ɗaya cikin huɗu jijiyoyinsa kan buɗe fiye da ƙima. Ƙarin ruwan maganin IVIG cikin kwana 10 na farko yana rage wannan sosai, amma yara 10 zuwa 20 cikin 100 zazzaɓinsu ba ya sauka. Shi ya sa likitoci ke ɗaukar hoton zuciya, su auna faɗin jijiyoyin, su haɗa da gwajin jini, don gane tun da wuri wanda maganin farko ba zai ishe shi ba.

A nan wasu ke ja da baya. Ai ƙarshen Suratu Luƙman ya keɓe sanin gobe ga Allah, to me ya raba mai na'urar hoton zuciya da ɗan duba? Abin da ya raba su shi ne likita ba gobe yake gani ba. Jijiyar da ta fara buɗewa yau yake aunawa, kamar manomin bakin Kogin Lamurde da ya ga hadari ya haɗo daga gabas ya kwashe shanyarsa. Wannan rinjayen zato ne, kuma fiƙihu ya daɗe yana gina hukunci a kansa, har mara lafiya ya ajiye azumi bisa maganar amintaccen likita. Sayyidina Umar ma ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, ya kuma nuna wa Abu Ubaida cewa juyawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take. Hujja mafi ƙarfi a ganina ita ce hasashen likita yana yarda a kama kuskurensa. Ma'aunin Kobayashi na 2006, na hasashen yaran da IVIG ba zai ishe su ba, ya yi aiki a Japan, da aka gwada shi kan yaran Amurka sai ya kasa gano da yawa daga cikin irin waɗannan yaran, kuma likitoci da kansu suka wallafa haka. Boka bai taɓa ƙirga faɗuwarsa ba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: ina amfanin sanar da uba cewa ɗansa na cikin haɗari, alhali IVIG ya fi ƙarfin aljihunsa? Gaskiya ne, hasashen da ba a bi shi da aiki ba ƙarin tashin hankali ne kawai. Sai dai sakamakon yakan sauya abin da za a yi. Binciken RAISE na 2012 a Japan ya nuna ƙara prednisolone, magani mai araha, a kan IVIG yana kare jijiyoyin yaran da aka yi hasashen IVIG kaɗai ba zai ishe su ba. Kuma wanda aka san jijiyarsa ta buɗe za a ci gaba da bibiyarsa.

Saboda haka iyaye, in zazzaɓi ya kai kwana biyar, maganin maleriya bai taɓa shi ba, ido ya yi ja, ku bar kemis ku nufi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo, ku tambayi likita ko akwai buƙatar hoton zuciya.