Ɗana, Kada Ka Ci Shekarar Farko Kai Kaɗai

Ɗana, sunanka ya fito, an yi barka, an harhaɗa kuɗin rajista har da gudummawar kawu da gwaggo, ga ka yanzu a Samaru, ko a sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ke kan titin Gwarzo, ko Dundaye a Sakkwato, ko kan titin Bama a Maiduguri. Duk wanda ya raka ka tasha ya ce ka yi karatu, ka riƙe ibada, ka guji abokan banza. Gaskiya suka faɗa, ba sai na maimaita ba. Abin da zan ƙara shi ne wanda ba a cika faɗa ba: yawancin yaran da shekarar farko ke kayarwa ba malalata ba ne, ba kuma 'yan shaye-shaye ba. Yara ne masu hankali da tarbiyya, waɗanda suka shiga jami'a suka kama bakinsu, ba su san kowa ba, ba wanda ya san su, har sakamako ya fito.

A sakandare ana kaɗa ƙararrawa, ana kiran suna, malamin aji ya san ƙofar gidanku. A nan babu wannan. Za ka shiga ɗakin lakca mai cin ɗaruruwan mutane, malami na magana can gaba, na baya ba sa ji. Za a sauya lokacin gwaji a zauren WhatsApp na aji da ƙarfe goma na dare, in ba ka ciki, shi ke nan. In ka yi mako biyu ba ka zo ba, babu mai aikowa a duba lafiyarka. Kunyar da muka koya maka a gida, ta sunkuyar da kai gaban manya, abu ne mai kyau, ka riƙe ta. Amma ba mu koya maka ita don ka zauna da abin da ba ka gane ba har ya cuce ka ba.

Bari in yi maka lissafi, don ka san dalilin da na matsa a kan wannan shekarar. A yawancin jami'o'inmu ana auna sakamako da ma'aunin maki biyar. Wanda ya ci 70 zuwa sama a darasi yana da maki 5, daga 60 zuwa 69 maki 4, daga 50 zuwa 59 maki 3, haka har ƙasa. Digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50, mai daraja ta biyu babba daga 3.50. To, a ce kwas ɗinka na shekara huɗu ne, nauyin darussan kowace shekara kusan ɗaya, ka gama aji ɗaya da 2.00. Kafin ka kai 3.50 a ƙarshe, sai ka riƙa samun 4.00 a kowace shekara cikin ukun da suka rage, wato kada ka sauka ƙasa da sittin a matsakaici, a daidai lokacin da darussan ke ƙara tauri. Ana iya yi, wasu sun yi. Amma me ya kai ka ɗaukar wannan bashin, alhali darussan aji ɗaya su ne mafi kusa da abin da ka baro a sakandare?

Mutum na farko da za ka nema shi ne malamin da sashenku ya ɗora wa kula da ajinku, wanda ɗalibai ke kira kodineta. Shi ke sa hannu a takardar darussan da ka yi rajista, shi ya san wanne ne dole, wanne ne zaɓi, da iyakar nauyin da aka yarda ka ɗauka a zango. Yara da yawa ba sa ganin sa sai ranar sa hannu, sai kuma ranar da kariyoba ta taru, aka fara maganar ƙarin shekara. Ka je ofishinsa tun babu matsala. Ka yi sallama, ka faɗi sunanka da lambarka, ka yi tambaya ɗaya taƙaitacciya da ka riga ka shirya, ka yi godiya ka fita. Wataƙila ka tarar da shi a gajiye, da tulin takardu a gabansa, ya amsa maka a daƙile. Kada wannan ya kore ka. Malamin da ke riƙe da ɗaruruwan sunaye yana tuna fuskar da ta zo da ladabi tun kafin buƙata ta kawo ta.

Na biyu kuwa ba malami ba ne. Ɗalibi ne ɗan aji uku ko huɗu a sashenku, wanda ya bi hanyar da za ka bi bai daɗe ba. Shi ya san darasin da ke kayar da mutane, da malamin da ba ya yafe makara, da inda ake samun tambayoyin jarrabawar shekarun baya, da littafin da ya kamata ka nema a laburare maimakon ka dogara da handawut kaɗai. Wajen zaɓen sa ne nake so ka yi hankali, domin masu son zama yayyen sababbin ɗalibai suna da yawa, kuma waɗanda suka fi saurin zuwa gare ka ba lalle su ne na kirki ba. Na kirkin yawanci yana da abin yi, kai za ka neme shi. Ka duba wanda ke koyar da tutoriyal kyauta a masallaci ko a ajujuwa da yamma. Ka lura ko yana iya cewa bai sani ba in an tambaye shi abin da bai sani ba. Wanda ya fara da ba ka labarin yadda ake "ganin" malami, ko wanda zai rubuta maka aikin gida a ba shi na kati, ka gaishe shi ka wuce. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Sai maganar ƙungiyoyi, inda iyaye da yawa ke tsorata, su ce wa yaro karatu aka tura shi, ba taro ba. Na fahimci tsoron, amma ban yarda da hukuncin ba. A 1958 wasu ɗaliban zane a Kwalejin Fasaha, Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Zariya, wadda ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane. Cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Damuwarsu ita ce ana koya musu zane irin na Turai kawai, alhali ƙasarsu na da nata salon. Suka riƙa haɗuwa suna muhawara, suna gwada haɗa na gida da na waje. Waɗannan samarin su ne daga baya suka zama jigogin zanen zamani a Nijeriya: Okeke ya shugabanci sashen zane a Jami'ar Nsukka, Grillo ya yi haka a Kwalejin Yaba, Nwoko kuwa an karrama shi a Venice a 2023 saboda aikinsa na tsara gine-gine. Ba jadawalin lakca ne ya haɗa su ba, su suka haɗa kansu.

Kai ma za ka tarar da ƙofofi a buɗe. Akwai Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1954, da takwarorinta na ɗalibai Kirista, kuma a jami'o'i da dama su ke shirya darussan ƙarin haske ga 'yan aji ɗaya ba tare da karɓar ko kwabo ba. Akwai ƙungiyar sashenku, da ta masu muhawara, da ta marubuta, da ta wasan kwaikwayo, da gidan rediyon jami'a inda ake da shi. Akwai kuma ƙungiyar ɗaliban jiharku ko ƙaramar hukumarku. Wannan ta ƙarshe tana da daɗi, don a nan za ka ji karin harshen garinku, a nan za ka ji labarin tallafin karatu na jiha, su ne kuma za su kai ka asibiti in zazzaɓi ya kwantar da kai. Ka shiga. Sai dai kada ka tsaya a nan. Na sha ganin yaro ya shekara huɗu a jami'ar tarayya, abokan ɗakinsa, da na cin abincinsa, da na karatunsa duk 'yan unguwarsu ne, ya fito bai taɓa zama ya yi hira mai tsawo da Bayarabe ko Tibi ko Ibo ba, Turancinsa na baki kuma yana nan inda ya baro shi. Ranar da hidimar ƙasa ta jefa shi Ebonyi, ko aka kira shi ganawar neman aiki a Legas, sai ya ga abin da ya yi wa kansa.

Kuma shiga ƙungiya ba sayen riga mai tambari ba ne. Ka karɓi aiki. Ka rubuta bayanin taro, ka kai wasiƙa ofishin shugaban tsangaya, ka riƙe lissafin kuɗin walima ka kawo shi cif, ka tsaya gaban mutum hamsin ka gabatar da baƙo ko muryarka na rawa. Waɗannan su ne abubuwan da babu darasin da ke koyar da su, kuma su ake nema a wurin aiki. Ƙungiyoyi biyu sun ishe ka, ɗaya ta kusa da gida ko addini, ɗaya ta kusa da sana'a. Takarar shugabancin ɗalibai kuwa ka bar ta sai ka ga sakamakonka na farko. Duk ƙungiyar da ba ta da rajista a ofishin kula da harkokin ɗalibai, ko take taro a ɓoye da dare, ko ta nemi ka yi rantsuwa kafin a gaya maka manufarta, ka yi nesa da ita, ka kuma gaya wa wani babba. Haka ɗan siyasar da zai aiko da mota a kwashe ku zuwa gangami. Shi ɗansa yana aji a lokacin.

Ke kuma 'yata, duk abin da na faɗa da ke nake. Kada a ce miki mace ba ta shiga ƙungiya. Ki shiga, ki riƙe muƙami, ki yi magana. Ki nemi yaya mace a sashenku, ki nemi malama da za ki riƙa kai wa tambaya. Taimakon da ba ya yiwuwa sai a keɓe, ko sai bayan magariba, ba taimako ba ne. In wani ya matsa miki, ko wane ne shi, kada ki haɗiye. Ki adana saƙonninsa, ki sanar da gida da hukumar makaranta.

Saura batun abin da za ka zama. Da yawanku likita kuka nema aka ba ku ilimin tsirrai, ko lauya kuka so aka ba ku tarihi. Sai yaro ya shekara yana fushi da kwas ɗinsa, yana jiran ya sake JAMB, ba ya nan ba ya can. In za ka sake, ka sake da shawara, amma ka ci jarrabawar da ke gabanka, domin ko sauya sashe a cikin jami'a da sakamako mai kyau ake yin sa. Kafin ka yanke hukunci kuma, ka je ka ga aikin da idonka, gani ya kori ji. Mai karanta tsirrai ko noma a Zariya yana da Cibiyar Binciken Aikin Gona a nan Samaru, da ta binciken dabbobi a Shika. Mai karanta tattalin arziki a Kano yana da kasuwar hatsi ta Dawanau da Kantin Kwari, mai karanta injiniya yana da masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai. Mai sha'awar shari'a ya shiga kotu ya zauna a bencin baya, ba a hana kowa. Ka samu wanda ke yin aikin ka tambaye shi yadda yininsa ke tafiya, da abin da ya koya a makaranta da ya amfane shi, da abin da sai a bakin aiki ya koya. Mutane na son a tambaye su game da sana'arsu fiye da yadda kake zato.

Shirin SIWES, wanda asusun ITF ya fara a 1973 don tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu, sai an yi nisa a karatu yake zuwa, kuma mai samun kyakkyawan wuri shi ne wanda ya fara sanin mutane tun aji ɗaya. Sauran sukan ƙare a ofishin da za su yi wata shida suna sa hannu a littafi. Hutu ma lokaci ne. A 2020 yajin aikin malaman jami'a ya ci kusan wata tara, na 2022 wata takwas. Allah ya kiyaye na gaba, amma in ya zo, ko dogon hutu ne kawai, kada ya same ka a kan benci a ƙofar gida. Ka koyi kwamfuta sosai, ko ɗinki, ko gyaran waya, ko haɗa sola, ko ka bi wani shagonsa ka ga yadda ake ciniki.

In sakamakon zangon farko ya fito bai yi kyau ba, ka gaya mana gaskiya a ranar, kada mu ji a bakin wani bayan shekara uku. Za mu yi faɗa, amma za mu nemi mafita tare da kai. Yanzu dai, kafin wannan makon ya fita, ka nemo ofishin kodinetanku ka gaishe shi, ka kuma tambayi inda ake tutoriyal ɗin 'yan aji ɗaya. Allah ya yi maka albarka, ya haɗa ka da mutanen kirki.