In Samanja Ya Gamu Da Usman Baba

A fadar samari, wajen shan shayi bayan sallar isha'i, akwai wata muhawara da kan taso duk lokacin da hira ta biyo ta kan wasan kwaikwayo. Wani sai ya ce: da a ce Samanja Mazan Fama zai fito daga akwatin telebijin ya yi kiciɓis da Usman Baba Pategi, mutumin da ya yi shekaru yana ɗauke da shi, me za su ce wa juna? Wani ya ce Samanja zai daka masa tsawa ya sa shi fareti. Wani ya ce a'a, tsayawa zai yi ya sara masa, tun da shi ma Usman Baba tsohon soja ne. A yi dariya a watse. Sai dai a ƙarƙashin wannan raha akwai tambaya mai nauyi: mene ne tsakanin mutum da rawar da ya taka, kuma wa ke ɗaukar alhakin abin da aka aikata a cikin wasa?

Tambayar ba sabuwa ba ce. A 1921 marubucin Italiya Pirandelo ya fito da wani wasa inda mutane shida na cikin labari suka faɗo wa ƴan wasa suna tsakiyar gwaji, suka nemi a nuna rayuwarsu. Da ƴan wasan suka soma kwaikwayonsu, sai masu labarin suka ƙi yarda, suka ce sam ba haka suke ba. Hujjar babbansu ita ce su sun fi ɗan Adam tabbata, domin shi kullum cikin sakewa yake, su kuwa yadda aka halicce su haka za su dawwama. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Usman Baba ya rasu a 2023, Rabilu Musa ya riga shi tun 2014, amma Samanja da Ibro suna nan yadda aka san su, ba furfura, ba ciwo.

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin irin wannan gamo, ta wata fuska. A wasan kara na Damagaram, talaka kan shiga kamannin mai mulki, ya ɗauki tafiyarsa da muryarsa, wani lokaci a gaban idon wanda ake kwaikwayo. Babu mai cewa ya yi sojan gona, kuma babu mai kai masa ƙara washegari don ya yanke hukunci. Kowa ya san riga ce aka ara, da an tashi za a mayar. Wannan sani shi ne ladabin kallo, kuma idan ya ɓace wasa kan zama abin cutarwa.

Tarihin siliman Nijar ya nuna haka ƙarara. Zalika Sule, wadda ke cikin matan farko da suka shiga fim a ƙasar, ta fito a fim ɗin Mustafa Alasan na 1966, ta kuma fito a na Umaru Ganda. Sau da yawa rawar macen da jama'a ba ta yarda da halinta ba aka ba ta, ta kuma taka ta da gwaninta. Ladan da ta samu wajen mutane da yawa shi ne zargi da tsangwama, domin sun ɗauka abin da suka gani a allo shi ne halinta. Rahmatu Keita ta ba da labarinta a wani fim na 2004, ita kuwa ta rasu a 2021. Da a ce matan nan da ta kwaikwaya za su zauna da ita, su ne ya kamata su nemi gafara: su suka yi laifi cikin labari, ita ta biya tara a kan titin Yamai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin takaicin shi ne, gwargwadon iyawarta gwargwadon wahalarta, domin da ba ta ƙware ba da babu wanda zai ruɗe.

To, ko wannan na nufin ɗan wasa ba shi da wani alhaki? Masu cewa yana da shi ba su rasa madafa ba. Fim ɗin nan na Mustafa Alasan kansa gargaɗi ne: saurayi ya dawo daga Amurka da tufafin kaboyi, ya raba wa abokansa, suka ɗauki sunaye irin na fim, kafin a ankara wasa ya zama ɓarna a gari. Wato riga tana iya rinjayar mai sanye da ita, kuma mai kallo yana iya ɗaukar abin da ba shi aka nufa ya ɗauka ba. Saboda haka ɗan wasa yana da abin da za a tambaye shi a kai: wane labari ya yarda ya ara wa fuskarsa, kuma ina labarin ya dosa? Amma tambayar ke nan, ba ta wuce nan ba. Wanda ya fito a ɓarawo cikin wasan da ke tona asirin sata bai yi sata ba, hidima ya yi wa jama'a, kamar yadda malamin makaranta da ya rubuta kuskure a allo don yara su gyara bai zama jahili ba.

Akwai kuma wanda ya yi gamon da gaske. Umaru Ganda, tsohon sojan yaƙin Indocin da ke dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, ya fito a fim ɗin Jan Rush na 1958 da sunan aro na wani tauraron Amurka, Edward G. Robinson, alhali rayuwarsa ce ake nunawa. Bai tsaya nan ba. Ya dawo gida ya koyi sana'ar, ya shirya Cabascabo, labarin sojan da ya dawo daga yaƙi dukiyarsa ta ƙare a hannun abokai, ya kuma taka rawar da kansa. A 1972 fim ɗinsa na Wazzou ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu. Shi dai ya ga kansa yadda wani ya tsara shi, ya auna, ya ga da sauran magana, sai ya karɓi alƙalamin.

Idan aka duba da kyau, Samanja da Usman Baba ba su da wurin haɗuwa sai guda ɗaya, wato zuciyar mai kallo. A nan ne suke zaune tare, kuma mai kallo ne alƙalinsu. Adalcinsa shi ne ya ba kowa haƙƙinsa: ya so ko ya ƙi mutumin cikin labari gwargwadon aikinsa, ya kuma girmama wanda ya ara masa jiki gwargwadon gwanintarsa. Wannan abu ne da ake koyo, kuma wurin koyonsa shi ne aji da dandalin ƙungiyoyin al'adu. Yarinyar da aka ba rawar muguwar kishiya a wasan ƙarshen shekara tana bukatar malamin da zai tsaya gaban ƴan ajinsu da iyayensu ya yaba mata da sunanta na yanka. In ba a yi haka ba, baɗi ba za a sami mai karɓar rawar ba, kuma garin da kowa ya ƙi fitowa a mugu cikin wasa ya rasa hanya mafi sauƙi ta nuna wa ƴaƴansa kamannin mugunta.