Gona Ta Tafi, Tsufa Na Tafe

Akwai wani dattijo a layinmu a Rijiyar Zaki da ke fitowa kullum bayan la'asar, ya shimfiɗa buzunsa a kan dakalin wani shagon cajin waya. Shagon ba nasa ba ne, ba kuma na ɗansa ba. Na daɗe ina gaishe shi in wuce, sai wata rana na durƙusa na ce, "Baba, ga inuwa can a ƙofar gidanka, me ya sa kullum sai nan?" Ya yi murmushi, ya nuna ƙasa da sandarsa. "Ɗan nan, ai nan ne gindin ɗorawarmu. Daga nan har bakin masallacin can duk gonar mahaifina ce. A nan muke ajiye fura idan mun zo noma."

Na dubi inda ya nuna, ban ga komai ba sai gidajen bulo, da kwata, da yara suna buga ƙwallo. Gonar ta tafi yanki-yanki. Wani yanki ya aurar da 'ya'ya da shi, wani ya kai shi Makka, na ƙarshe kuma jinyar matarsa ta cinye. 'Ya'yansa maza uku ne: ɗaya yana tuƙa Adaidaita Sahu a nan cikin gari, biyu suna Legas da Abuja wajen nema. Suna aiko masa da abin da ya sawwaƙa, ba ya kwana da yunwa, kuma bai yi ƙorafin kowa ba. Da na miƙe zan tafi ne ya ƙara da cewa, "Abu ɗaya ne dai. Yanzu ba mai tambayata komai."

Tun daga ranar tambaya ɗaya ke yi mini yawo a rai. Idan wannan dattijo, da ya gaji gona ya kuma haifi 'ya'ya masu jin ƙansa, haka tsufansa ya kasance, mu da ba mu gaji ko taki ɗaya na ƙasa ba yaya namu zai kasance nan da shekara arba'in?

Amsar da aka fi ji a majalisa ita ce yaran zamani sun lalace, ba su san girman iyaye ba. Ban gamsu da ita ba. Kowane zamani haka dattawansa ke faɗa game da na bayansu, kuma na san samari da yawa a unguwar nan da ke hana kansu don su sayi maganin hawan jinin mahaifiyarsu. A ganina zukata ba su sauya sosai ba. Abin da ya sauya shi ne ƙasar da biyayyar take tsaye a kai.

Kafin birni ya miƙo ƙafa ta titin Gwarzo, ya wuce Kabuga, ya haɗe da sabon matsugunin Jami'ar Bayero, wannan yanki na ƙasar Ungogo gonaki ne manne da juna. Ba a barin saura, kowace shekara sai an noma, shi ya sa jakuna ke kai itace birni su dawo da taki a mangala. Tsarin zaman kuwa gandu ne. 'Ya'ya maza, har waɗanda suka yi aure, suna yi wa mahaifinsu noma a babbar gona, shi kuma ya ciyar da su daga rumbu, ya biya musu haraji, ya yi musu auren fari, ya yanka wa kowa gayauna ya noma don aljihunsa. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta yi aiki a Ɗorayi, maƙwabciyarmu, a farkon shekarun 1970, kuma littafin da ta fitar a 1977 ya nuna tun a lokacin gonaki sun fara yi wa jama'a kaɗan, ga manyan gidaje cike da 'yan'uwa.

A irin wannan zama, tsoho ba ya jiran tausayin kowa. Mabuɗin rumbu na hannunsa. Shi ya san iyakar gona, shi ya san wace shuka ce za ta tsira idan ruwan fari ya yaudari mutane, shi ake kira idan rigimar gado ta tashi. Tsohuwa ma haka. Ita ce ungozoma, ita ke kula da wankan jego, ita ta san saiwar da ake jiƙa wa jariri, ita ke yi wa jikoki tatsuniya bayan cin tuwo, ga 'yar sana'arta ta daddawa ko kaɗi. Idan aka ce da tsohuwar zuma ake magani, ba daɗin baki ba ne, bayanin yadda gida ke tafiya ne. Addini ya umarci ɗa ya kyautata wa iyayensa, gona kuma ta sa kyautatawar ta zo da sauƙi, domin ɗan yana nan a gidan, ga hatsi, ga hannaye da yawa.

Ban ce zamanin gandu aljanna ba ne. An yi iyayen da suka danne 'ya'yansu har 'ya'yan suka gudu cirani ba su dawo ba. An yi tsofaffin da ba su da gona suka ƙare a bara. Matar da Allah bai ba haihuwa ba, idan ba ta yi dace da ɗan riƙo ba, takan tsufa a wulaƙance, wani lokaci har a jefe ta da maita. Amma dai ga mafi yawan mutane akwai tsari, kuma tsarin ba ya buƙatar kowa ya zama waliyyi kafin tsoho ya ci abinci.

Ginshiƙan nan sun zube ɗaya bayan ɗaya. Harajin da uba ke biya wa 'ya'yansa, Gwamna Abubakar Rimi ya soke shi a 1979, talakawa kuma suka yi murna, da gaskiyarsu. Gado ya yi ta rarraba gonaki har rabon mutum ya koma abin da bai isa ciyar da gida ba. Sai dillalai suka zo da awon igiya, gona ta zama fuloti. Haihuwa ta koma asibiti, tatsuniya ta koma waya, iyakar fili ta koma takarda. Yaro ya daina tambayar kakansa, domin abin da yake buƙatar sani don neman abinci kakan bai san shi ba. A da ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Yau jika ne ke duba wa kakansa ko kuɗi sun shigo a waya.

To, mu fa? Kusan rabin 'yan Najeriya ba su wuce shekara 18 ba, shi ya sa muke ganin tsufa kamar matsalar wasu ƙasashe. Amma wannan tarin yara da samari su ne tarin tsofaffin gobe. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hasashen cewa zuwa 2050 mutum ɗaya cikin shida a duniya zai kasance ya haura shekara 65, alhali a 2019 ɗaya ne cikin goma sha ɗaya. Mafi yawanmu kuma ba ma'aikatan gwamnati ko na kamfani ba ne, don haka tsarin fanshon da aka kawo a 2004 bai san da zamanmu ba. Mai Adaidaita, da birkila, da mai shayi, da tela, jarinsu ƙarfin jikinsu ne. Ranar da gwiwa ta ƙi, ko ido ya dushe, ranar kuɗi ke tsayawa. Za mu tsufa a gidan haya ko a ciki da falo, 'ya'yanmu suna wasu garuruwa, ga ciwon suga da hawan jini masu son magani kowane wata har ƙarshen rai.

Waɗanda suka riga mu shiga wannan hali sun gwada hanyoyi. A Japan, inda kusan mutum uku cikin goma suka kai shekara 65, akwai kuɗi, akwai asibitoci, akwai gidajen kula da tsofaffi, duk da haka akan tarar da tsoho ya mutu shi kaɗai a ɗaki an yi kwanaki ba a sani ba, har abin yana da suna a harshensu. A Sin, a 2013, hukuma ta sa a doka cewa wajibi ne 'ya'ya su riƙa ziyartar iyayensu. Ka ji fa, mai karatu, sai da doka. A nan gida an sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018, amma ka zaga unguwarmu ka tambayi tsofaffi nawa ne suka taɓa jin labarinta. Darasin da na ɗauka shi ne kuɗi na iya sayen gado da magani, doka na iya tilasta ziyara, amma babu ɗayansu da zai sa a tambayi tsoho shawara.

A nan ne tambayar ta zama ta ɗabi'a. Girman da muke ba tsoho, don shi mutum ne muke ba shi, ko don abin da ke hannunsa? Muddin yana riƙe da rumbu, ba mu da hanyar sanin amsar, domin biyayya da buƙata sun cakuɗe. Yanzu da hannunsa ya zama wayam ne za a gane. Ina ganin ba banza ba ne Alƙur'ani, a Suratul Isra'i, ya ware lokacin tsufan iyaye ya ambace shi daban, ya hana ko da nuna ƙosawa gare su. Lokacin da ba su da abin ba ka, kuma suna maimaita magana ɗaya sau biyar, shi ne lokacin jarrabawar. Ta wannan fuska zamaninmu ya ba mu damar da kakanninmu ba su samu sosai ba, wato mu kyautata wa iyaye ba tare da muna hangen gona ba.

Sai dai kada mu yaudari kanmu cewa wa'azi kaɗai zai isa. Idan aka ce wane yana riƙe da mahaifiyarsa, a tambaya waye ke wanke ta, waye ke dama mata kunu, waye ke tashi cikin dare idan ta yi kira. Sau da yawa matar ɗan ce, ko wata 'ya da aure ya mutu ta dawo gida. A babban gida wannan aiki mata biyar ko shida ke raba shi. A ciki da falo ya faɗa kan mace ɗaya mai goyo, sannan idan ta gaji a ce ba ta da tarbiyya. Kayan da gida guda ke ɗauka a da, mun ɗora shi a kan mutum ɗaya, muna mamakin yadda yake sunkuyawa. Kuma har yanzu ba mu ce komai ba game da wanda bai haifa ba, ko wanda 'ya'yansa suka riga shi tafiya.

Mukan ji kunyar a ce an kai tsoho gidan gajiyayyu irin na Shahuci, kuma ina ganin kunyar tana da amfani, kada mu yar da ita. Amma tsohon da aka bari shi kaɗai a soro, ana miƙa masa kwano kamar baƙo, ba wanda ke zama ya yi hira da shi, shi ma a gidan gajiyayyu yake, illa dai ba a rubuta suna a ƙofa ba.

Tunda gona ba za ta dawo ba, wajibi ne mu gina wani abu a gurbinta da hannunmu, tun muna da ƙarfi. Kayan aikin ma muna da su. Mun iya adashe don biki, za mu iya yin sa don maganin iyaye, mu kuma ajiye wani abu don namu tsufan, tunda guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Muna da masallaci a kowane layi, kuma limami da mai unguwa sun san gidan da tsohuwa ke kwana ita kaɗai. Muna da zakka da waƙafi, har da hukumar Zakka da Hubusi a jihar nan. Mai hali da ya gina masallaci na uku a layi ɗaya, da ya tsayar da waƙafin magani ga tsofaffin unguwa, ina kyautata zaton ba zai yi asarar lada ba. 'Yan'uwa maza su raba kwanakin jinya a tsakaninsu, su daina ɗaukar aiken kuɗi ta waya a matsayin sauke nauyi. Abu mafi arha kuma, mu mayar wa tsofaffi da aiki: a kai musu jikoki, a sa su a sulhu, a tambaye su ko da mun san amsar. Yaranmu suna kallo, kuma yadda suka ga ana yi wa kaka, shi za su ɗauka shi ne daidai.

Shekaranjiya na koma wajen dattijon nan da tambaya. Na ce, "Baba, wai me ya sa ba a sare gawo a gona?" Ya gyara zama, ya yi mini bayanin yadda gawo ke zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya kuma yi ganye da rani ya ba dabbobi inuwa da abinci. Har aka kira magariba bai gama ba, yaran shagon ma suka matso suna saurare.

Ina da ɗan fili da nake ginawa a hankali, bulo ɗari yau, buhun siminti gobe. Makon jiya na ce wa birkila ya fitar mini da ɗaki ɗaya kusa da tsakar gida, inda ake jin hayaniyar yara, da banɗaki a ciki, kuma kada ya sa matakala a ƙofar. Ya ce, "Malam, wannan zai cinye maka falo fa. Na waye?" Na ce na Inna ne. Idan Allah ya ba ni tsawon rai, bayanta nawa ne.

Allah ya ba mu ikon riƙe iyayenmu, ya sa mu gama da duniya lafiya.